KIMIYYA A SAUƘAƘE: Kama Da Wane Ba Ta Wane

Da zarar damina ta kankama a Potiskum, wajen watan Yuli, akan ga ma'aikatan kiwon lafiya suna bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sukan narka ƙwayoyin a ɗan ruwa su ba yaro a gaban uwarsa, su bar mata na kwana biyu masu zuwa, sa'an nan su komo bayan wata guda, haka har damina ta janye. A wurin awon ciki kuma akan ba mace mai juna biyu ƙwaya uku ta haɗiye a gaban ungozoma. Ƙwayar da ake ba matan, da guda daga cikin biyun da ake ba yaran, abu ɗaya ne, watau maganin nan da jama'a suka fi sani da sunan Fansidar.

Abin da wannan fili zai duba a wannan mako shi ne wani farin gari da ake ajiyewa a ɗakunan binciken kimiyya, wanda ko sunansa iyayen yaran ba su taɓa ji ba, alhali kuwa cin wancan magani da rashin cinsa duk a kansa suka rataya. Sunansa fara-amino-benzoyik asid, masana kuma suna taƙaita shi da haruffa huɗu, PABA. Gari ne mai araha, ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, ana kuma samun ɗan kaɗan daga cikinsa a yis, da hanta, da dusar hatsi.

Labarinsa ya faro ne daga marina. A ƙarshen 1932 wani likitan Jamus mai suna Gerhard Domagk, wanda ke aiki a kamfanin Bayer, ya gwada wani jan rini a kan ɓerayen da aka sa wa ƙwayoyin cuta, sai waɗanda aka ba rinin suka rayu, sauran suka mutu. Aka sa wa rinin suna Prontosil, aka bayyana wa duniya a 1935. Amma akwai wani abu da ya ɗaure wa masana kai. In aka ba dabba rinin yakan yi aiki, in kuwa aka zuba shi a kan ƙwayoyin cutar cikin kwalbar gwaji, ko gezau ba sa yi. A wannan shekara ta 1935 masanan Cibiyar Pasteur ta birnin Paris suka gano dalili: ashe jiki ne ke raba rinin gida biyu, rabin da ba shi da launi kuwa shi ne maganin. Sunansa salfanilamaid, kuma wani ɗalibi a birnin Biyana, Paul Gelmo, ya riga ya harhaɗa shi tun 1908 ba tare da an san amfaninsa ba. Daga nan aka sami dangin magungunan da ake kira salfa.

To, an sami magani yana warkarwa, amma ba wanda ya san yadda yake yi. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne wani matashin masani Bature, Donald Woods, da ke aiki a ƙarƙashin Paul Fildes a Asibitin Middlesex na London. An riga an lura cewa in aka zuba ruwan yis a cikin abincin da ake renon ƙwayoyin cuta, salfa yakan zama kamar ba a sa shi ba. Woods ya yi ta tace wannan ruwa yana bin sawun abin da ke warware maganin, har ya fahimci cewa halayensa sun yi kama da na maganin kansa. Sai ya yi tunani, wane sinadari ne aka sani wanda ya fi kama da salfanilamaid? Ya ɗauko PABA ya gwada. Abin da ya gani ya wuce zato, gama kashi ɗaya na PABA yakan rushe aikin kashi dubbai na maganin. A 1940 ya buga sakamakon bincikensa.

Kamannin nan kuwa ba na wasa ba ne. Kowannensu yana da zobe mai kusurwa shida, da ɗan reshe iri ɗaya a gefe guda. Bambancin yana gefen da ke fuskantar wancan, inda salfa ke ɗauke da farar wuta. Ƙwayar cuta tana bukatar PABA don ta gina folik asid, wanda in babu shi ba za ta iya hayayyafa ba. An tabbatar da haka a 1946, sa'ad da aka bayyana ƙirar folik asid aka ga PABA zaune a tsakiyarsa. Sabo da haka salfa jabun tubali ne. Magini ya miƙa hannu ya ɗauka yana zaton na gaske ne, ya ɗora, gini ya tsaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, to a kan wannan magana aka gina maganin ɗungum. Shi kuwa ɗan Adam abin bai shafe shi ba, domin jikinsa ba ya gina folik asid, a shirye yake samunsa daga zogale, da alayyahu, da wake, da gyaɗa, da hanta.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Jabun da na gaskiyar rige-rige suke yi zuwa hannun magini, wanda ya fi yawa shi ke isa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In maganin ya yi kaɗan a jini, ko PABA ya yi yawa, ƙwayar cuta ta ci gaba da gininta. Shi ya sa tun da can likitoci suka lura cewa salfa ba ya kataɓus a miki mai mugunya, don mugunya cike take da abubuwan da ke warware shi. Shi ya sa kuma littattafan magani ke gargaɗi game da allurar kashe zafi ta firoken, wadda aka ƙirƙiro a 1905 daga PABA, wadda kuma ke komawa PABA in ta narke a jiki.

Ƙasar nan ta ci moriyar wannan dabara ƙwarai. Dattawa za su tuna da ƙwayar M&B, wadda kamfanin May & Baker ya fitar a 1938, wadda aka daɗe ana yaƙar sanƙarau da ita da 'yan'uwanta a Arewa, kafin ƙwayar cutar ta fara bijire musu a ƙarshen shekarun 1960. Maganin kuturta, dafson, shi ma kishiyar PABA ne, kuma a Uzuwakoli ta Jihar Abiya ta yanzu ne Dokta John Lowe ya nuna, wajen 1950, cewa ana iya haɗiyarsa kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi lahani mai yawa ba, abin da ya sa maganin ya isa hannun talaka. A babban binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, tsakanin 1969 da 1976, haɗin salfa da firimetamin aka raba wa mutanen ƙauyuka, watau ɗan'uwan Fansidar na yau.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, aikin PABA iri biyu ne: wani lokaci a sa shi da gangan, wani lokaci a yi ta faman kawar da shi. Misali, an kawo mara lafiya asibiti bayan ya riga ya sha salfa daga kantin magani, aka ɗebi jininsa don a reni ƙwayar cutar a gane ta. Maganin da ke cikin jinin zai hana ta tsirowa, a ce ba a ga kome ba. Tun shekarun 1940 ma'aikatan gwaji suka koyi zuba ɗan PABA a romon renon, kamar miligiram 5 a cikin mililita 100, don ya kwance wa ƙwayar ɗauri ta fito a gan ta. In kuwa abin da ake so a sani shi ne ko maganin zai ci cutar, to sai a juya lamarin, a nemi abincin da ba shi da PABA sai ɗan abin da ba a rasa ba. Irin wannan abinci shi ne wanda John Mueller da Jane Hinton suka haɗa a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1941, don renon ƙwayar sanƙarau da ta ciwon sanyi, wanda har gobe da shi ake wannan gwaji a duniya. Ita Jane Hinton, ga mutanen garin shanu, ta zama ɗaya daga cikin baƙaƙen mata biyu na farko da suka zama likitocin dabbobi a Amurka, a 1949. Duk ɗakin gwajin da wannan abinci ya yanke masa, ya ɗauko wani ya maye gurbinsa don kada aiki ya tsaya, yana iya rubuta wa likita cewa Septrin ba ya cin cutar alhali yana ci. Laifin na faranti ne, amma mara lafiya ne zai biya kuɗin magani mai tsada.

Masu binciken zazzaɓin cizon sauro su ma sun faɗa irin wannan rami. A 1976 William Trager da James Jensen suka yi nasarar renon ƙwayar zazzaɓin a wajen jikin mutum, a birnin New York. Amma ruwan renon da suka yi amfani da shi yana da miligiram 1 na PABA a kowace lita, ga kuma folik asid, sabo da haka in aka gwada salfa a cikinsa sai ƙwayar ta yi kamar ta gagari magani. Sai da aka haɗa wani ruwa na musamman mai ƙarancin abubuwan biyu kafin gwajin ya faɗi gaskiya.

Akwai wasu ayyukan da za a ambata a gurguje. A 1941 George Beadle da Edward Tatum suka haska wa wata fumfunar burodi hasken hoton ƙashi, suka sami iri uku da suka nakasa, ɗaya ba ya iya yin PABA sai an ba shi. Da wannan bincike suka nuna yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa ayyukan jiki, suka sami lambar Nobel a 1958. A 1983 kuma Sheila Bingham da John Cummings na Kambirij suka fito da dabarar gane ko mutum ya tara fitsarinsa na awa 24 cif, kamar yadda binciken cin gishiri ke bukata: a ba shi ƙwaya uku ta PABA, kowace miligiram 80, ya sha tare da abinci, in ba a sami wajen kashi 85 cikin 100 a galan ɗin ba, to ya zubar da wani a bayan gida bai faɗa ba. Ita ma takardar jarida tana da nata rabon. Tsofaffin ma'aikatan gwaji sukan ɗiga fitsari a gefen jarida inda ba rubutu, su bi shi da ɗigon asid. In wurin ya yi ruwan ɗorawa ko ruwan goro, to mai fitsarin ya sha salfa, ko da ya rantse bai sha kome ba.

Amma labarin da ya fi dacewa da garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma shi ne na madara. A 1952 Farfesa Brian Maegraith da abokan aikinsa a Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka lura cewa ɓerayen da ake ciyarwa da madara zalla ba sa kamuwa da zazzaɓi yadda ya kamata, ko da an sa musu ƙwayar. Dokta Frank Hawking, mahaifin shahararren masanin nan Stephen Hawking, shi ya gano sirrin a 1953 da 1954. Madara ba ta da PABA sai kaɗan ƙwarai. Da ya zuba garin a cikin madarar, zazzaɓi ya taso wa ɓerayen, haka kuma ya gani a birai. Tun daga nan ya zama al'ada a ɗakunan bincike da yawa a riƙa sa PABA a ruwan shan ɓerayen gwaji don ƙwayar zazzaɓin ta yi ƙarfi, in ba haka ba sakamakon wannan ɗaki ba zai yi daidai da na wancan ba, don kawai abincin ɓerayensu ya bambanta.

Shin haka abin yake ga mutane? A lokacin farin nan na shekarun 1970, wasu likitoci 'yan gida ɗaya masu suna Murray sun yi aiki a gabashin Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Yobe. A rahotonsu na 1978 sun ce bayan an soma raba abinci zazzaɓi ya ɓarke, ya kama 'ya'yan makiyaya da na masu cin hatsi kusan daidai wa daida, amma irin wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa bai sami yaran da ke rayuwa a kan nono ba. An kuma nuna a Burkina Faso a 1996 cewa Fulani sun fi maƙwabtansu jure wa zazzaɓin, ko da yake masana sun fi danganta wannan ga gado da ƙarfin garkuwar jiki. Kada dai wani ya karanta wannan ya ce nono maganin zazzaɓi ne. Ɓera ne aka kulle a keji aka hana shi kome sai madara. Yaron da ke shan fura da nono kuwa, gero ya riga ya kawo abin da nonon ya rasa. Yaron da jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi a gwada jininsa.

Yanzu sai a komo kan Fansidar. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 500 na salfadoksin, wanda ke kwaikwayon PABA, da miligiram 25 na firimetamin, wanda ke tare hanyar a mataki na gaba. Nijeriya ta daina dogara da shi wajen warkar da zazzaɓi tun wajen 2005, amma ta riƙe shi don rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin damina a 2012, bisa shaidar cewa yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin yara, aka fara shi a Nijeriya a Jihar Katsina a 2013.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi bakteriya wayo, domin ban da ginawa da kanta, tana iya ɗibar folik asid wanda aka riga aka gina daga jinin mutum. In ya yi yawa a jinin, ba ruwanta da tubali, na gaske ko na jabu. Mace mai ciki kuwa dole ta sha folik asid, don ƙarin jini da kare jariri daga nakasar ƙashin baya. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, aka buga a 2006, ya nuna cewa matan da aka ba miligiram 5 kullum, gazawar Fansidar a jikinsu ta kusa ninka ta sauran, waɗanda aka ba miligiram 0.4 kuwa ba abin da ya ragu. Sabo da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 0.4 ne abin ba mai ciki, kada kuma a haɗa miligiram 5 da wannan magani. Matsalar ita ce ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da aka saba ƙirgo wa mata a leda a kantunan magani na ƙasar nan, galibi mai miligiram 5 ce, watau ninki goma sha biyu da rabi na abin da ake bukata. Ba cewa ake mace ta daina shan maganin ƙarin jini ba, wannan ganganci ne. Abin da ake nema shi ne mai sayen magani na gwamnati, da ungozoma, da mai kanti, su riƙa duba lambar da ke jikin gwangwani. Matar da likita ya ɗora wa babban awo bisa wani dalili, kamar mai ciwon sikila, likitan ne zai tsara mata yadda za ta yi. Haka nan wanda ke shan Septrin kullum ba a ƙara masa Fansidar, don hanya ɗaya suke bi. Su kuma masu sayen PABA a matsayin bitamin, wai yana mai da furfura baƙa, maganar da ake yaɗawa tun 1941 ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, su sani makamin cuta suke haɗiya muddin suna kan salfa.

Hanya ta biyu da maganin ke mutuwa ita ce magini ya koyi gane jabu. Tun 1943 aka ga wasu bakteriya da suka tsira ta hanyar yin PABA mai yawa. Ita ƙwayar zazzaɓi sauya ƙirar hannunta take yi, masana kuma sun sa wa wuraren sauyin lambobi. Sauyi mai lamba 437 ya riga ya bazu a Afirka ta Yamma, amma maganin yana rigakafi duk da haka. Mai lamba 540, wanda ya raunana maganin a gabashin Afirka, bai yi yawa a wannan yanki ba, shi ya sa tun farko aka keɓe rigakafin damina ga ƙasashen Sahel. Akwai kuma mai lamba 431, wanda aka fara ba da labarinsa a 2009 daga jinin matafiyan da suka koma London daga Nijeriya. Duk ƙwayar da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko aka saya don warkar da zazzaɓin da ya riga ya kama, horo ce ake ba cutar.

Wannan magana ta shafi kara kamar yadda ta shafi asibiti. Kowace Laraba dubban dabbobi ke shiga kasuwar Potiskum, kuma salfadimidin yana cikin magungunan da makiyaya da masu kiwon kaji suka fi sani. Rabin allura ga saniya don a yi tsimi, ko tatsar nono kafin wa'adin da aka rubuta a jikin kwalba ya cika, ba su shafi ƙwayar zazzaɓin mutum ba, amma suna koya wa bakteriyar hanji jure wa salfa, su kuwa waɗannan ba su san bambancin cikin saniya da na mai ita ba.

Gane ko sauyi mai lamba 540 ko 431 yana ƙaruwa a Yobe ba ya bukatar jirgi zuwa Turai. Ɗigon jini ake busarwa a kan takardar tace ruwa, a sa a ambulan. Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka daga Potiskum, ta buɗe cibiyar binciken kimiyyar lafiya a 2021. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta sa a riƙa tattara irin waɗannan takardu daga asibitocin Potiskum, da Fika, da Nangere a ƙarshen kowace damina, a aika can a karanta, a kuma buga sakamakon kafin a yi odar maganin shekara mai zuwa.